A Biya Mai Rauni Kafin Ya Sayar da Akuyarsa



Maganar da muka kawo muku a wannan fitowa ita ce ta ma'aikacin da hatsari ya sama a bakin aikinsa: magini da ya faɗo daga kan tsani, direban da kamiyo ya kife da shi, mai aikin injin da bel ya fizge wa yatsu, leburan da buhunan siminti suka danne. Doka ta ce a yi masa magani ba da kuɗinsa ba, a biya shi kwanakin da ya yi kwance, in ya nakasa a yanka masa kuɗi, in ya mutu a riƙe iyalinsa. Dokar tana nan a rubuce, kuma ba mu zo rena ta ba, gama da wuya aka samo ta. Abin da ya dame mu shi ne tsawon hanyar da ke tsakanin ranar hatsari da ranar da kuɗi ke shiga hannu, da abin da mai rauni ke kashewa a kan wannan hanya. Diyyar da ta iso bayan an sayar da akuya, an jinginar da gona, an fidda yaro daga lakwal, ta zo ta tarad da gida ya riga ya faɗi.

Sai mu soma da asalin abin, don a san ba sadaka ake roƙo ba.

A dā can a ƙasashen Turai, in injin ya cinye hannun ma'aikaci, sai ya kai mai masana'anta gidan shari'a, ya kuma tabbatar wa alƙali cewa laifin mai masana'anta ne. Talaka mai hannu ɗaya ina zai kai da mai lauyoyi uku? Yawancinsu haka suka mutu ba su ga ko dala ba. Da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ƙarfi, sai aka ƙulla wani ciniki. Jamus ta soma a 1884, Ingila ta biyo a 1897, Faransa ta yi tata dokar ranar 9 ga Afrilu 1898. Cinikin kuwa ga shi: ma'aikaci ya haƙura da kai ƙara da neman cikakkiyar ramuwa, ya yarda da wani ƙayyadadden abu wanda bai kai asararsa ba. A madadin haka za a biya shi ba tare da an tsaya tambayar laifin wa ba, kuma za a biya shi da wuri. Ku riƙe wannan da kyau. Ma'aikaci ya riga ya biya kuɗin saurin nan, ya biya shi da ragin da ya yarda aka yi masa. Duk ofishin da ya riƙe takardarsa wata shida ya karɓi kuɗin kaya ne bai ba da kaya ba.

Mu kuwa a nan, lokacin da ma'aikacin Faransa ke cin moriyar dokar 1898, kakanninmu aikin tilas suke yi, suna fasa dutse da ɗaukar kaya a ka, wanda ya karye a hanya sai dai a kawo wani. Ba a soke aikin tilas ba sai ranar 11 ga Afrilu 1946. Bayansa aka yi yajin ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948, aka yi yajin gama-gari na ranar 3 ga Nuwamba 1952, sa'an nan majalisar Faransa ta saki dokar aiki ta ƙasashen renonta ranar 15 ga Disamba 1952. Cikakkiyar dokar diyyar hatsarin aiki ba ta iso mana ba sai 24 ga Fabrairu 1957. Ku ƙidaya daga 1898: shekara 59. Bayan samun ƴancin kai, a 1965, aka kafa Asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda kowa ke ce wa Kes, aka danƙa mata wannan aiki. Mutanen da suka jira shekara 59 kafin a yarda hannunsu hannu ne, bai kamata jikokinsu su sake shiga wani jiran a ƙofar ofishin ƙasarsu ba.

To, me dokar ta tanada? Muna so kowane sakataren kwamiti ya karanta wa jama'a wannan wuri sau biyu, domin da yawa daga cikin masu haƙƙi ba su san suna da shi ba.

Ubangidan aiki shi kaɗai ke zuba kuɗin hatsarin aiki, 1.75 cikin ɗari na albashi. Ba a cire wa ma'aikaci kome a kan wannan. In hatsari ya auku, ubangida yana da awa 48 ya kai rahoto. In ya ƙi, mai raunin ko iyalinsa suna iya kai rahoton da kansu, kuma doka ta ba su har shekara biyu. Hatsarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida, shi ma hatsarin aiki ne. Magani da kwanciya gidan likita a kan Kes suke. Kwana 28 na farko ana biyan mai rauni rabin albashinsa, daga kwana na 29 ana biyansa kashi biyu cikin uku. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan, tun Janairu 2024, jika 42 ne a wata. Rabinsa jika 21. Ku dubi kuɗin buhun hatsi a kasuwarku, ku faɗa mana kwana nawa magidanci zai iya jiran jika 21 ɗin nan.

In rauni ya bar nakasa, lissafin yana da wani lauje da ya kamata a sani. Likita ke auna nakasa bisa ɗari. Abin da bai wuce 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 ana ƙara masa rabinsa. Wanda aka auna wa nakasa 40 zai riƙa karɓar 20 cikin ɗari na albashin da aka yi lissafi da shi. Wanda aka auna wa 70 zai karɓi 55. In mutum ya rasu, matarsa tana da 30 cikin ɗari, in matan sun fi ɗaya su raba 30 ɗin a tsakaninsu. Ƴaƴa biyu na farko 15 kowane, na bayansu 10 kowane, kuma duka a haɗe ba ya wuce 85. Kun ga ragin da muka faɗa. Mutum ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, an ba shi ɗaya cikin biyar na albashinsa. Ya yarda, muddin abin zai zo a kan kari.

Ina lokacin ke tafiya, ina kuɗin ke zurarewa?

Rami na farko yana bakin ƙofar ubangida. Wanda bai rubuta ma'aikatansa a Kes ba, ko ya rubuta uku ya ɓoye goma, ba zai so kai rahoto ba, gama rahoton zai tona masa asiri. Sai ya kai mai rauni wurin maɗori, ya damƙa wa matarsa jika biyar, ya ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Mai rauni kuma yana tsoron kada a kore shi, yana jin nauyin mutumin da ya taɓa biya masa kuɗin suna. Awa 48 su wuce, mako ya wuce, waɗanda suka ga abin da idonsu su watse ci-rani. Ran da ƙafa ta ƙi warkewa aka tashi neman haƙƙi, ba shaida, ba takardar likita ta ranar farko. Mun yarda ƙaddara ce. Amma ƙaddara ba ta taɓa hana biyan bashi ba.

Rami na biyu shi ne takardu, kuma a nan muke so mu daɗe, domin nan talaka ya fi shan wuya. Ana bukatar takardar likita ta farko, da ta ƙarshe wadda ke cewa rauni ya warke ko ya tsaya inda zai tsaya. Ana bukatar takardar albashi. In an yi mutuwa ko nakasa mai dorewa, sai an yi bincike. In iyali ke nema, sai takardar mutuwa, da ta aure, da ta haihuwar kowane yaro. Kowa ya san yadda aure yake a garuruwanmu: liman ya ɗaura, an raba goro, shaidu sun cika zaure, amma ba wanda ya je ofishin magajin gari. Yau miji ya mutu ƙarƙashin bango, an ce wa matar da ta haifa masa biyar ta kawo shaidar ita matarsa ce. Sai ta je gidan shari'a neman takardar maye gurbi, ta ɗauki shaidu biyu, ta biya musu mota, ta ciyar da su, ta sayi tambur, a ce ta dawo. Tana cikin takaba, ga shi an ɗora mata yawon ofis. Kowace takarda tafiya ce, kowace tafiya kuɗin mota ne da na masauki da yinin aikin wanda ya rako. Mutumin Dakwaro ko Mayayi Maraɗi zai nufa, na Magariya ko Tanut Damagaram, na Madawa ko Ƙwanni Tawa. In kuwa takarda sai ta je Yamai kafin a sa mata hannu, to daga Damagaram kusan kilomita 900 ne. Mai sanda biyu a hammata ba shi ya kamata ya bi takarda ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk inda hanya ta yi tsawo, dillali yana zaune a gindin itace yana jira. Shi ya san wane, shi zai “tura” takarda, a ba shi na goro yau, in kuɗi sun fito a ba shi kasonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba mu da wani magani ga dillali in ban da gajarta hanya. Ran da aka ce kwana 30 ne ko da dillali ko ba shi, da kansa zai nemi wata sana'a.

Wani zai ce, in an danne maka haƙƙi ai ga gidan shari'a. Gaskiya ne, akwai kotun ma'aikata, kuma ba mu so a rufe ƙofarta. Amma ku ji abin da ya faru a Afirka ta Kudu, inda ƙurar ramukan zinariya ta cinye huhun dubban mahaƙa. Wani mahaƙi ya shigar da ƙara a 2006. Kotun tsarin mulki ta ba shi gaskiya a watan Maris 2011, amma ya rasu kwanaki kaɗan kafin a karanta hukuncin. Sauran suka haɗu suka ci gaba da shari'a, sai a 2018 kamfanoni shida suka yarda da sulhu na rand biliyan 5, kotu ta amince a 2019. Cikin waɗannan shekaru mahaƙa da yawa sun bi na farkon. Wannan a ƙasa mai manyan lauyoyi ke nan. Shari'a makamin ƙarshe ce, ba a gina biyan yau da kullum a kanta.

Akwai waɗanda suka gajarta hanyar, kuma ba sihiri suka yi ba. A Faransa, wadda daga wurinta muka gaji wannan tsari, doka ta sa wa asusunsu wa'adi: kwana 30 ya yanke ko hatsari na aiki ne, kwana 90 in sai an yi bincike. In wa'adi ya cika bai ce kome ba, shirunsa yarda ne. Mun kwafi lissafin raba nakasa biyu daga wurinsu kalma da kalma, to mu kwafi agogon ma. A Niyu Zilan, tun 1974, an daina shari'ar neman diyyar rauni, asusu ɗaya ke biya ba a tambayar laifin wa, kuma yawanci likitan da ya duba mai rauni shi ke aika takardar nema tun mutum yana gabansa. Wannan na biyun shi ya fi burge mu. Mai rauni ba ya iya guje wa gidan likita, ubangida kuwa yana iya guje wa ofis. To don me za a rataya farkon magana a wuyan wanda ya fi kowa son a yi shiru?

Saboda haka ga abin da muke nema. Duk gidan likitan da aka kai mai rauni, a tambaye shi ko a wurin aiki ne, in ya ce i, takardar likita ta zama ita ce rahoto, ta tafi Kes da wurin sufeton aiki a ranar, ta waya ko ta kwamfuta. Kes ta soma biyan kuɗin kwanciya cikin makonni biyu, ko da sauran takardu ba su cika ba. In ubangida bai rubuta ma'aikaci ba, ko bai zuba kuɗi ba, a biya mai rauni tukuna, sa'an nan Kes ta bi ubangida da bashi da tara. Kes tana da lauyoyi da masu bin bashi, tana iya jiran shekara, gurgu ba ya iyawa. A sa wa kowane mataki wa'adi a rubuce, a manna shi a bangon ofis da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, wa'adin da ya cika ba amsa ya zama yarda. Likitan da ke auna nakasa ya riƙa zagaya manyan garuruwa ran kasuwa a sanannen lokaci, maimakon a tara nakasassu a tasha. Takardun aure da na haihuwa kuwa, a karɓe su tun ranar da aka ɗauki mutum aiki, yana da rai da lafiya, yana iya zuwa ofis da ƙafarsa. Kuɗi kuma su zo inda mutum yake. Ɗan ci-rani a Abijan yana aika wa tsohuwarsa kuɗi da hantsi, kafin la'asar ta karɓa a Tasawa. Abin da ɗan ci-rani ya iya, ba ya gagarar asusun ƙasa.

Mun san abin da za a ce mana: in aka biya kafin a gama bincike, maƙaryata za su yi yawa, asusu ya ƙare. Ba mu ce babu maƙaryaci ba. Amma karyayyen ƙashi ba ya ɓuya ga hoton likita, yatsan da ya guntule kuma ba a aro shi. Inda ake da shakka ta gaske, a yi bincike cikin wa'adinsa, wanda aka kama da ƙarya ya mayar ya kuma sha hukunci. Ba daidai ba ne a sa mutum ɗari jira don tsoron mutum ɗaya. Kuma jinkirin kansa yana cin kuɗin asusu. Raunin da aka yi wa magani a makon farko ya warke mutum ya koma aiki, wanda aka bari ya ruɓe sai a yanke ƙafa, a shiga biyan kuɗin nakasa har mutuwa. Ko don tattalin dukiyar Kes, sauri ya fi araha.

Ga ƴan kasuwa da ƴan kwangila da ke cikinmu, da ku ma muke. Kuɗin hatsarin aiki a kan albashin jika 42 bai wuce dala 147 a wata ba. Mun sani ba shi kaɗai ake zubawa ba, akwai na iyali da na tsufa, kuma in an haɗa yana da nauyi ga mai ƙaramin jari. Amma ku auna shi da ranar da yaronku zai faɗo daga kan bene, ku ga kuɗin aiki a gidan likita, ku ga idon uwarsa. Wanda ya rubuta yaransa ya sayi kwanciyar hankalinsa ne da araha.

Wata gardamar da ke cin lokaci ita ce ta awon nakasa: likita ya ce 15, mai rauni ya ce an cuce shi, a shiga neman wani likita. Malamanmu da suka karanta Risala sun san tun ƙarnuka aka yanke wa wannan magana tsawo: diyyar rai raƙuma 100, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Hikimar ita ce kowa ya san kuɗin abu tun kafin ya auku, ba a ciniki da mai jini a jika. Likitocin yau ma da jadawali suke aiki. A fassara shi, a buga shi, a bai wa kowace sandika. Wanda ya san abin da jadawali ya ce game da babban yatsa ba zai yi gardamar banza ba, kuma ba za a yi masa ƙwange ba.

Akwai kuma ciwon da ba ya zuwa da ƙara. Ƙurar dutse da ta ma'adini tana kwana a ƙirji shekaru kafin ta tashi. An rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikatanta sun watsu, da yawa sun komo garuruwan kudu. Duk wanda ya bar irin wannan aiki, ko a ina ne, ya kamata ya tafi da takardar shekarun da ya yi, da wurin da ya tsaya, da sakamakon awon lafiyarsa, Kes kuma ta ajiye kwafi. In tari ya taso bayan shekara goma, kada a ce masa ya je ya nemo shaida a wurin da aka riga aka rufe.

Ba mu manta ba cewa mafi yawan masu aikin ƙarfi a ƙasar nan ba su da takardar albashi ko kaɗan. A watan Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, mutum 18 aka fara ƙidayawa sun mutu. Masu irin wannan haƙa, da ƴan dako na tashar albasa a Galmi, da yaran mota, da masu kabu-kabu, dokar 1965 ba da su aka auna ta ba. Shigo da su babban aiki ne, za mu dawo kansa a wata fitowa. Abin da za mu ce yau kawai shi ne, ba mai zuba dalarsa a asusun da ya ga maƙwabcinsa na bi da sanda wata da watanni. Ran da aka ga an biya magini cikin makonni biyu, ƴan dako da kansu za su zo tambayar inda ake rubuta suna.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Kowane kwamiti ya zaɓi mutum biyu masu karatu, namiji da mace, waɗanda za a riƙa kira duk lokacin da hatsari ya auku a wurin aiki. Su je a ranar. Su rubuta suna, da rana, da awa, da wuri, da sunayen mutum biyu da suka gani, da inda za a same su. Su tabbata an kai mai rauni gidan likita an karɓi takarda, ko da daga baya iyali za su kai shi wurin maɗori. In kwana biyu sun wuce ubangida bai kai rahoto ba, su raka iyali wurin sufeton aiki, su karɓi shaidar ajiya mai kwanan wata da hatimi. Kada su karɓi ko dala a hannun kowa. Kwamitin mata kuma ya bi gida-gida na ma'aikata ya tambayi wa ke da takardar aure, wa ke da ta haihuwar yara, a tara marasa ita a kai su ofis rana ɗaya.

A taron wata mai zuwa, kowane sakatare ya zo da littafinsa: mutum nawa suka ji rauni a wurin aiki a garinsa cikin shekara biyu da suka wuce, ranar hatsari, ranar da aka kai rahoto, ranar da kuɗin farko suka shigo in sun shigo, da abin da iyali suka kashe a mota da tambur. Waɗanda shekara biyunsu ta kusa cika ba a kai rahoto ba, a sa sunayensu a shafin farko.